Kafin ka zargi mai wanke hoto, duba allonka

Duk mai ɗaukar hoto a Kabong da ke Jos, da masu situdiyo na wajen Gada Biyu da hanyar Rukuba, sun san wannan rigima. An ɗauki hoton biki, an gyara shi a kwamfuta har ya yi kyau, amma da aka wanko sai ga shi da duhu, ankon ruwan goro ya koma ja, fuskar amarya ta yi toka-toka. Mai hoto ya ce laifin firinta ne, mai firinta ya ce abin da aka kawo masa ya buga. Sau da yawa mai firinta ne ke da gaskiya.

Allon kwamfuta tamkar sikelin mahauci ne: in ya karkace, duk awon da aka yi da shi ya ɓaci, ko da mai shi ba ya nufin cuta. Kamfanoni kan fito da allo da haske mai ƙarfi da kala mai ɗaukar ido, don ya ja hankalin mai saye. Kai kuma sai ka ga hoto ya cika haske ka rage masa, alhali hasken na allon ne. Takarda ba ta da fitila a bayanta, shi ya sa duhun da allo ya ɓoye maka yake bayyana a kanta.

Saboda haka rage hasken allo shi ne matakin farko, kuma shi ne mafi girma. Masu sana'ar sukan ajiye shi tsakanin kandela 80 zuwa 120 a kowace murabba'in mita, allo da yawa kuwa suna kaiwa 250 ko fiye in an ƙure su. Da farko za ka ga kamar ya dushe, amma ido zai saba. Sai farin allo, a sa shi a Kelbin 6500, kusa da farin hasken rana, don kada ya karkata zuwa shuɗi ko rawaya. Gama kuma, wato yadda allo ke raba haske tsakanin baƙi da fari, a bar ta a 2.2. A adana hoto a tsarin sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996, domin shi wayoyi da intanet da akasarin injinan wanki suka fi ganewa.

Ido kaɗai ba abin dogaro ba ne, don yana bin hasken ɗaki. Hazon hunturu a Jos daban, gajimaren damina daban, ƙwan lantarki da dare daban. A sa labule, kada allo ya fuskanci taga, a kashe tsarin nan da ke mai da allo rawaya da dare, a kuma bar shi ya yi minti 30 a kunne kafin a fara aiki. Wanda zai sayi sabon allo ya nemi nau'in IPS, domin kalarsa ba ta sauyawa sosai in an kalle shi ta gefe.

Windows na da wurin daidaita allo da ido, kuma ya fi babu. Amma aikin gaske sai da na'urar auna kala, irin Spyder ta kamfanin Datacolor ko ta Calibrite. Ana rataya ta a fuskar allo, manhaja ta riƙa nuna kaloli ɗaya bayan ɗaya, na'urar na auna abin da ya fito, sannan a rubuta fayil ɗin gyara da kwamfuta za ta riƙa bi. Tana da tsada, ba shakka. Sai dai ba kullum ake bukatarta ba, sau ɗaya a wata ya isa, don haka situdiyo huɗu ko biyar za su iya haɗa kuɗi su sayi guda. A garin da hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya da Kwalejin Talabijin ta NTA suke, wanda zai koya maka amfani da ita ba zai yi wuyar samu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne fata. Shekaru da dama, katin da Kodak ke bai wa masu wanki don daidaita injinansu hoton baturiya ne a jiki, sai baƙar fata ta riƙa fitowa ba a ganin kamanninta. Yau gyaran a hannunmu yake, bai kamata mu maimaita wannan da kanmu ba. Baƙar fata tana zaune ne a ɓangaren duhu na hoto, inda kuskure kaɗan ke shafe kamannin mutum. In allo ya cika haske, za ka nutsar da fuska cikin duhu. In ya yi duhu da yawa, za ka haskaka ta har dangin amarya su ce ba 'yarsu ba ce.

Kafin ka tura albam gaba ɗaya, wanke hoto guda mai fuska da farin kaya da anko. Duba shi kusa da taga da rana, ka kwatanta da allo. In takarda ta fi duhu, ƙara rage hasken allon, ka sake gyara hoton, sannan ka tura sauran.