Maganin ƙwari da ruwan sha a ƙasar Gaya

Garin Gaya yana bakin kogin Kwara, a kudancin jihar Dosso. Wanda ya haye gada ya shiga Malanville, ƙasar Benin. Wanda ya yi gabas kuma, ba da jimawa ba sai ya kai Kamba, ƙasar Nijeriya. Duk faɗin Nijar ba inda ya kai wannan yanki samun ruwan sama. Shi ya sa noma ya yi ƙarfi: ga shinkafa a bakin kogi wajen Tara, ga rake da rogo da kayan lambu cikin dallol Mawri da dallol Foga. Inda amfanin gona ya yi kyau kuwa, ƙwari ba su rasa zuwa. Sai manomi ya sayo magani ya yi feshi.

Maganin ƙwari guba ne. An yi shi ne don ya kashe mai rai. Kuma ba dukansa ke tsayawa bisa ganye ba. Wani iska ke kwashewa, wani ya zuba ƙasa. In aka yi ruwa, sai ya wanke gona ya gangara da shi cikin tabki ko kogi. Wani kuma ya nutse cikin ƙasa sannu-sannu. A cikin dallol ƙasar rairayi ce, ruwa kuma yana kusa, gaba kaɗan ake ginawa a tarar da shi. Rairayi ba ya riƙe guba kamar yadda laka ke yi. Saboda haka abin da aka zubar kusa da rijiyar lambu yana iya ƙarewa cikin guga.

Kogi ma yana ɗauko nasa daga nesa. Arewacin Benin ƙasar auduga ce, auduga kuwa tana cikin shuke-shuken da aka fi yi wa feshi. Gulbin Alibori da gulbin Sota suna ratsa wannan ƙasa kafin su faɗa Kwara. Sota dai dab da Malanville yake shiga, Gaya na kallo. Ruwa bai san iyaka ba, ba ya tsayawa wajen ƴan duwan.

A daminar 1999, manoman auduga na Benin suka koma ga wani magani mai ƙarfi, sunansa endosulfan, domin tsutsar auduga ta daina jin na da. Kafin a gama aikin wannan shekara, mutum 37 aƙalla suka mutu a jihar Borgou. Da yawansu ba a wajen feshi suka gamu da shi ba. Wasu abinci suka ci wanda maganin ya taɓa, wasu kuwa sun yi amfani da tsohuwar jarkar magani. Endosulfan yana kashe kifi ma, ko da kaɗan ne ya shiga ruwa. Ƙasashen Sahel suka hana shi a 2007, Benin ta hana shi a 2008, sa'an nan a 2011 ƙasashen duniya suka sa shi cikin jerin gubar da za a daina yi.

Akwai wata mugunyar ɗabi'a da aka sha gani a kogunan Afirka ta Yamma. Wani mai son banza yakan zuba maganin da ake kira gamalin cikin ruwa, kifi ya taso matacce, ya kwashe ya kai kasuwa. Masunci na ƙwarai ba ya yin haka, don ya san ya kashe har ƙwan kifin baɗi. Gubar da ke cikin gamalin sunanta lindan. Ita ma an hana ta a duniya tun 2009.

To, yaya ake gane ruwan da guba ta shiga? Wannan ita ce wahalar. Sau da yawa ba launi, ba wari, ba ɗaci. Ruwa yana iya zama garau kamar hawaye alhali da guba ciki. Sai an ɗebi kaɗan cikin kwalba an kai ɗakin awo, inda ke da na'urori masu tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade iyakar da ba a so a wuce. Ga lindan, iyakar ta yi daidai da giram 1 cikin lita 500.000. Giram guda bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Lita 500.000 kuwa tano 2.500 ke nan, in kowane tano yana cin lita 200.

Yara da yawa sun san hanyoyin gyara ruwan sha. Ana tacewa da ƙyalle mai tsabta, ana sa alif datti ya kwanta, ana tafasawa, ana ɗiga ruwan jabel. Duka suna da kyau, kada a bari. Amma aikinsu shi ne fitar da laka da kashe ƙwayoyin cuta, irin masu kawo zawo da amai. Magungunan feshi da yawa sukan narke cikin ruwa. Ƙyalle ba ya tare su, jabel ba ya kashe su, tafasa ba ta kore su duka. A manyan ma'aikatun ruwa akan bi da ruwa cikin wani gawayi na musamman, mai ƙananan ƙofofi da ba su ƙirguwa, shi ke kama gubar. Ba irin gawayin murhu ba ne, kuma yana da tsada. Rijiyar ƙauye ba ta da shi. Wanda ya fi sauƙi shi ne a hana guba kai wa ga ruwan tun farko.

Hukuma tana da nata aiki. A 2010 Nijar ta kafa dokar ruwa, wadda ta ce a keɓe fili kewaye da wurin da ake jawo ruwan shan jama'a. Shi ya sa ake kewaye rijiyar burtsatse da waya ko katanga. Ba a noma ciki, ba a feshi, ba a ɗaure dabba. Akwai kuma kwamitin ƙasashen Sahel mai duba magungunan ƙwari, wanda ya fara aiki a 1994. Maganin da ya yarda da shi yana ɗauke da lamba a jikin takardarsa. Amma a garin iyaka kamar Gaya kaya suna shigowa ta jirgin ruwa, ta bayan babur. A kasuwa akan ga magani cikin kwalbar lemo, ba suna, ba takarda. Mai saye bai san abin da ya saya ba, wani lokaci mai sayarwa ma bai sani ba.

Sauran aikin yana hannun mutanen gari. Mai feshi ya ɗebi ruwa ya tafi can cikin gona ya haɗa maganinsa, ba a bakin rijiya ba. Kada ya tsoma famfon feshi cikin kogi ko tabki don wankewa. Kada ya yi feshi in hadari ya taso. In jarka ta ƙare, a ɗauraye ta sau 3, ruwan ɗaurayar a juye shi cikin famfon feshi. Daga nan a huda gindinta da wuƙa, a kai wa malamin gona. Hudawar nan ita ce babba. Jarkar magani tana da kyaun gani, tana da marfi mai ƙarfi, sai wani ya ce asara ce a yar. Gobe sai a gan ta a wuyan yaro da ruwa ciki, zai bi awaki. Roba tana shan magani, ko an wanke da sabulu ba ya fita duka.

In mutum ya sha irin wannan ruwa, yakan yi amai da zufa, miyau ya riƙa zuba, kai ya yi ciwo, gani ya dushe. Kada a tsaya ba shi nono ko manja. A kai shi likita nan da nan, a tafi da jarkar ko takardar maganin don malamin asibiti ya san irin gubar. Ruwan kuma a hana kowa sha, har dabbobi, sai hukuma ta duba.

Tambayoyi

1. Me ya sa rijiyar cikin dallol ta fi saurin kamuwa da guba?
2. Wane aiki jabel ke yi wa ruwa, wane aiki ne kuma ba ya iya yi?
3. In giram 1 na lindan ya kai tano 2.500 iyaka, tano nawa giram 4 zai kai?