Jiri bayan buguwar kai a filin wasa: Abin da ya kamata iyaye su lura da shi

A yawancin gidajenmu, idan matashi ya ce yana jin jiri, abin da ke fara zuwa a ran iyaye shi ne ƙarancin jini, ko maleriya, ko yunwa. Sai a haɗa masa Maltina da madara, ko a aika kemis a sayo maganin ƙarin jini. Ba kasafai ake tambayarsa ko ya yi karo da wani a filin ƙwallo ba, ko ya sha naushi a dambe, ko ya faɗi da ka a gasar wasannin makaranta. Shi ma yaron yakan ɓoye, don gudun kada a hana shi wasa.

Alhali jiri na daga cikin manyan alamomin girgizar ƙwaƙwalwa. In aka cire ciwon kai, shi ne abin da waɗanda suka bugu suka fi kuka da shi.

Mece ce girgizar ƙwaƙwalwa?

Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan aka bugi kai, ko aka bangaje jiki da ƙarfi har kai ya fizgu, sai ta girgizu, aikinta ya hargitse na wani lokaci. Mafi yawan waɗanda hakan ta same su ba sa suma, kuma sau da yawa hoton CT ba ya nuna komai. Shi ya sa alamomin da yaro ke faɗa suke da muhimmanci. Wani lokaci ma ba sa bayyana sai bayan wasu sa'o'i ko washegari.

A wani bincike da masana na Jami'ar Pittsburgh da ke Amurka suka wallafa a 2011, sun bibiyi ɗaliban sakandare 107 masu buga ƙwallon Amurka waɗanda suka samu girgizar ƙwaƙwalwa. A cikin duk alamomin da aka gani a fili, jiri ne ya fi nuna wanda jinyarsa za ta kai kwana 21 ko fiye. Ke nan yaron da ya tashi yana tangaɗi bayan karo bai kamata a watsa masa ruwa a ce ya koma ba.

Jirin iri-iri ne

Tsayuwar mutum daidai ta dogara ne da saƙonni daga wurare uku: can cikin kunne, da idanu, da kuma jijiyoyin wuya da gaɓoɓi. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa su. Bugu yana iya taɓa kowanne daga ciki, kuma kowanne da irin jirinsa da abin da ke tayar da shi. Don haka tambayar da ta fi amfani ita ce: me kake yi lokacin da jirin ya zo?

Na farko, hajijiya idan an juya kai. Yaro ya juya a kan katifa, ko ya ɗaga kai sama, ko ya sunkuya ɗaure takalmi, ko ya yi ruku'u da sujada, sai ɗaki ya yi ta juya masa na 'yan daƙiƙu, yawanci ƙasa da minti ɗaya. Wannan yakan faru ne idan bugun ya ɓalle wasu ƙananan tsakuwoyi da ke cikin kunne suka faɗa cikin bututun da ke auna juyawar kai. Likitoci na kiransa BPPV a taƙaice. Ana gano shi da gwajin Dix-Hallpike, a kuma mayar da tsakuwoyin wurinsu da wata dabarar juya kai da ake kira Epley, wadda ba ta wuce 'yan mintuna. Ƙwararre ne zai yi ta, bayan ya tabbatar wuya lafiya yake.

Na biyu, jirin da ido ke tayarwa. Kallon allo a aji sannan a dawo da ido kan littafi, latsa waya, kallon ƙwallo a talabijin, ratsa cunkoson kasuwa, ko hango motoci daga kan gadar masu tafiya a ƙafa, duk suna iya kawo jiri da tashin zuciya. Wani yaron da bai taɓa amai a mota ba sai ya fara kasa jure zama a bas ko Keke Napep. Wani kuma ya ce rubutu na rawa ko yana rabuwa biyu idan ya matso da littafi.

Na uku, duhun ido idan an miƙe. Bugu kan iya rikita tsarin da ke daidaita bugun zuciya da hawan jini. Yaro ya tashi daga zaune sai ya ga duhu-duhu, zuciyarsa na bugawa da sauri. Doguwar tsayuwa a taron safe na makaranta, da zafin rana, da ƙarancin shan ruwa suna ƙara shi.

Na huɗu, jirin wuya. Ƙarfin da ya girgiza kai yakan fizgi wuya ma. Irin wannan yakan zo da sagewar wuya da ciwon ƙeya, ya kuma tsananta bayan an daɗe a sunkuye ana rubutu.

Akwai kuma wanda ke tafe da ciwon ɓarin kai, wanda haske, ƙara da rashin barci ke tayarwa. Yaran da dama suke da wannan ciwo sun fi fuskantarsa. Fargaba ma tana ƙara jiri, musamman ga ɗalibin da jarrabawar WAEC ko JAMB ke gabansa.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Duk yaron da ake zargin ya samu girgizar ƙwaƙwalwa ya kamata likita ya duba shi. Amma kada a jira gari ya waye idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon kai mai ƙaruwa, amai a kai a kai, farfaɗiya, suma, yawan barcin da tashinsa ke wuya, ruɗewa ko baƙin hali, laɓɓan magana, mutuwar hannu ko ƙafa, ganin abu biyu-biyu, tsananin ciwon wuya, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci. Waɗannan na iya nuna zubar jini a cikin kai ko karaya.

Kula da shi a gida

A da ana cewa a rufe yaro a ɗaki mai duhu har ya warke. Masana sun bar wannan. Taron ƙwararru na duniya da aka yi a Amsterdam a 2022 ya ba da shawarar hutu na sa'a 24 zuwa 48, tare da rage kallon waya da talabijin, sannan yaro ya fara tattaki da ƙananan ayyuka. Idan jirin ya ɗan ƙaru kaɗan ya kuma lafa cikin sa'a ɗaya, ba laifi. Idan ya yi tsanani, a tsaya a rage.

Iyaye su samu ɗan littafi su riƙa rubuta lokacin da jiri ya zo, abin da yaron ke yi, da tsawon lokacin da ya ɗauka. Wannan bayani zai taimaka wa likita sanin inda matsalar take. A sanar da malamansa domin a ba shi damar hutawa tsakanin darussa, a ɗauke masa doguwar tsayuwa. Ya sha ruwa sosai, ya yi barci a kan lokaci, kuma kada ya tuƙa babur ko keke.

Game da magani, farasitamol ya wadatar ga ciwon kai. A guji asfirin da ibuprofen a kwana biyun farko sai da izinin likita. Kada a saba masa da ƙwayoyin jiri irin su Stugeron, domin daɗewa ana shansu na iya jinkirta yadda ƙwaƙwalwa ke gyara daidaiton jiki.

Mafi yawan matasa kan warke cikin mako huɗu. Idan jiri, ciwon wuya ko ciwon kai ya wuce kwana 10, shawarar taron Amsterdam ita ce a fara atisayen musamman na wuya da daidaiton jiki. Sai a nemi likita ya tura yaron sashen gashin ƙashi, ko wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro.

Komawa fili

Wanda ya bugu ba ya komawa wasa a ranar. Bayan nan ana bin matakai shida, daga ayyukan yau da kullum zuwa cikakken wasa, kowane mataki aƙalla sa'a 24, kuma ba a shiga atisayen da ake karo sai alamomi sun gushe likita ya amince. Dalili kuwa shi ne mai jiri ya fi saurin sake buguwa, kuma bugu na biyu kafin na farko ya warke yana iya kumbura ƙwaƙwalwa, ko da yake hakan ba kasafai ke faruwa ba. Shi ne ya yi ajalin Rowan Stringer, 'yar shekara 17 mai wasan rugby a Kanada, a 2013, har lardin Ontario ya yi doka da sunanta a 2018. A ƙwallon ƙafa ma, tun daga Yulin 2024 dokokin wasa sun ba gasa damar ƙara canjin ɗan wasa idan ana zargin girgizar ƙwaƙwalwa.

A filayen unguwa da na makarantu babu likita a gefe. Koci da malamin wasanni da iyaye su ne za su cire yaron, su kuma riƙe shi har ya warke.