Fata Ke Taɓawa, Ƙwaƙwalwa Ke Ji

Mai sayar da kaya a kasuwar Arzeke ta Parakou takan sa hannu cikin jaka ta bambance tsabar kuɗi da mabuɗin rumfa ba tare da ta duba ba. Fata ce ke karɓar taɓawar, sai saƙon ya bi jijiyoyi da laka har ya isa wani sashe na saman ƙwaƙwalwa, inda ake fassara shi. Hanyoyin nan a gicciye suke: ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ke kula da hagun jiki, na hagu kuma da dama.

Wannan sashe kan sami rauni ta hanyar shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ne babban sanadinta, ko ta faɗuwa daga kan zemijan babu hular kwano. Daga nan hannu yana iya zama lafiya lau a ido, amma mai shi ba ya jin zafin garwashi ko tafasasshen ruwa. Wani yana jin an taɓa shi, sai dai in ya rufe ido ba zai gane abin da ya riƙe ba.

Idan raunin a dama yake, majinyaci kan manta da hagunsa ɗungurum. Yakan ci rabin tuwon da ke kwano ya bar na hagu, ya sa riga hannu ɗaya, har ya musanta cewa yana da ciwo. Likitan Faransa Joseph Babinski ya bayyana wannan musu tun 1914. Kada iyali su ɗauke shi taurin kai ko aikin iska, alamar raunin ce.

Da zarar baki ya karkace, hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, ku garzaya da shi asibiti nan take, ko da alamar ta wuce: babban asibitin koyarwa na Borgou-Alibori a Parakou, ko asibitin Ordre de Malte a Djougou.

Bayan an sallame shi, ku zame masa ido a ɓangaren da ya manta. Ku gwada ruwan wanka da hannunku, ku nisanta shi daga murhu, ku duba fatarsa kullum saboda ƙuna da gyambo. Ku riƙa yi masa magana ta hagu don ya saba da waiwayawa. Gashin ƙashi da motsa jiki a kai a kai na taimaka wa da yawa su farfaɗo, kuma kada a daina maganin hawan jini sai da izinin likita.