Yadda Ake Shuka Duniya a Cikin Kwamfuta

A shekarar 1984 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Kambirij da ke Ingila, David Braben da Ian Bell, suka fitar da wasan kwamfuta mai suna Elite. Ma'ajiyar na'urar da suka yi wa wasan kilobait 32 ce kacal, ko hoton waya ɗaya na yau ba za ta ɗauka ba. Amma wasan na ɗauke da duniyoyi 2,048, kowace da sunanta da irin mulkinta da farashin kayan kasuwarta.

Dabararsu ita ce ba su ajiye duniyoyin ba. Ƙa'ida suka rubuta, suka ba ta 'yan lambobin farawa da masu sana'ar ke kira "iri", kwamfuta kuma ta riƙa lissafo kowace duniya daga irin. Abin da aka shuka shi ke tsirowa kullum. Shi ya sa a wasan Minecraft, idan ka ba abokinka lambar irinka, muddin samfurin wasanku ɗaya ne, dutsen da ka gani shi zai tarar.

Sai dai lambobin da aka watsa barkatai ba sa haifar da tudu, ƙasar takan fito kamar haƙoran zarto. Ken Perlin, Ba'amurke, ya magance wannan a 1983 da lissafin da ke sa tsayin kowane wuri ya kusanci na maƙwabcinsa. Akan jera shi hawa-hawa: babba ya ba da tsaunuka, matsakaici tuddai, ƙarami tsakuwa.

Mai koyon wannan sana'a a yau yakan fara da manhajar Houdini, ko Blender da ake samu kyauta. A ce aikinsa dasa daji ne a gefen tsauni. Maimakon ya kafa bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya, sai ya gindaya sharuɗɗa: kada bishiya ta fito inda gangare ya yi tsanani, su yi kauri kusa da kogi, tsayinsu ya bambanta. In ya karkatar da kogin, dajin ya bi shi da kansa.

Yawa kaɗai ba ya gamsarwa. Da wasan No Man's Sky ya fito a 2016 da duniyoyin da ba mai iya zagaye su, 'yan wasa da dama sun koka cewa duk kamarsu ɗaya. Ƙa'ida ba ta san komai ba sai abin da mai rubuta ta ya lura da shi. Don haka mai koyo ya riƙa fita bayan an ɗauke ruwan sama, ya duba inda zaizaya ta bi, da inda ciyawa ta fara tsirowa.