Hasken Rana Bayan Magariba: Shiri na Musamman daga Rano da Kibiya

 Yau za mu bar hayaniyar birni mu nausa kudu. Za mu bi ta Ƙarfi, mu ratsa Bunkure, mu shiga Rano ta Autan Bawo, daga nan mu zarce Kibiya. Maganar da za ta kai mu ita ce ta wuta: yadda gidan talaka a ƙauye zai sami hasken sola a farashin da ba zai karya shi ba. Sai a gyara zama.

A cikin garin Rano akwai turakun wuta, a Kibiya ma akwai, ko da yake sai Nepa ta ga dama ake ganin ƙwai ya kama. Amma ka sauka daga kwalta, ka bi burtali zuwa unguwanni da rugagen da ke bayan Rurum, ko Saji, ko Tarai, ko Durba, za ka tarar da gidajen da waya ba ta taɓa ratsa samansu ba. Da an sallame magariba, duhu ya karɓi gari. Uwar gida tana tuƙa tuwo, ta maƙale tocila tsakanin kafaɗa da kunci, hasken yana rawa a bakin tukunya. Yaro mai aikin makaranta sai ya jira a gama da tocilar. In naƙuda ta tashi cikin dare, da fitilar wayar hannu ungozoma za ta yi aikinta. Fitilar ƙwai da aci-bal-bal kuwa an jima da rataye su a gidaje da yawa, tun da litar kananzir ta haura naira dubu.

Abin da ke ƙona rai shi ne, wannan yanki maƙwabcin madatsar ruwa ta Tiga ne, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala a 1974. Gwamnatin Kano ta kafa tashar wuta mai megawat 10 a jikin madatsar, amma an tsara wutar ne domin matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birni. A Kumbotso akwai tashar sola mai megawat 10 da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Janairun 2023, a yankin masana'antu na Challawa. Jami'ar Bayero ta sami tata mai megawat 7.1 tun 2019. Duk ayyukan alheri ne, ba mu raina ko ɗaya ba. Sai dai babu wanda wayarsa za ta iso ɗakin manomi a bayan Tarai nan kusa. Kamfanin KEDCO, wanda ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, ɗan kasuwa ne. Jan waya kilomita da yawa zuwa unguwa mai gida ashirin ba ya cikin lissafin da zai mayar masa da kuɗinsa. Ko masu wayar ma sun ɗanɗana a watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka shafe kwana da kwanaki cikin duhu. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar lantarki, kuma mafi yawansu mutanen karkara ne.

To, masu saurare, ga inda nake so mu tsaya mu yi lissafi tare. Ana yawan cewa talakan ƙauye ba zai iya sayen sola ba. Ni kuwa na ce talakan ƙauye ya daɗe yana biyan kuɗin wuta, kullum ta Allah, a tsintsinke, ba tare da ya mallaki komai ba.

Ku leƙa shagon mai caji a kowace kasuwar ƙauye. Katako ne dogo an jera masa soket, wayoyi sun yi layi, kowace an manna mata 'yar takarda mai lamba, mai ita kuma ya tafi da irin lambar a aljihu. A bayan shagon ƙaramin janareta yana ta kuka. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura dubu a ƙarshen 2024, kuɗin caji ma ya bi ta. Ga batirin tocila, ga na rediyon da wataƙila da shi kake jin muryata yanzu. Mu ƙaddara gida yana kashe naira 200 kacal a rana kan caji da batir. A shekara naira 73,000 ke nan. Shekara uku, sun haura dubu ɗari biyu. Kuma ba a sa wahalar yaron da ake aikawa da waya gari na gaba ba, ko wayar da ta kwana a shago aka musanya mata batir.

Me ƙaramin sola zai yi wa irin wannan gida? Farantin sola mai wat 50, a ranar ƙasarmu da ke ba da awa biyar zuwa shida na zafi sosai, zai tara abin da ya ishi ƙwan fitila uku ko huɗu na zamani, masu cin wat 3 zuwa 5 kowanne, su kai dare, a yi cajin waya biyu ko uku, a ji rediyo. Ba zai ja firji ba, ba zai ja dutsen guga ba, kuma duk mai sayarwar da ya ce maka zai ja, ƙarya yake. Farashin farantin kansa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari a duniya tsakanin 2010 da 2020. Abin da ya rage da tsada shi ne batir, ga kuma faɗuwar darajar naira, tunda kayan daga waje ake shigo da su, galibi daga Sin.

Ashe matsalar biyu ce: kuɗi a dunƙule, da amana.

Mu fara da kuɗin. Manomin Kibiya ba ma'aikacin gwamnati ba ne da zai ga albashi ƙarshen wata. Kuɗinsa na zuwa ne da kaka, in an casa dawa, an yi roron gyaɗa, an ɓare masara. Mai noman rani a gefen Ruwan Kanya kuma nasa na zuwa in tumatir da albasa sun fita kasuwa. A watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, taki ya cinye abin hannu, ba shi da ko sisi na sakawa a wani abu. Tsarin biya kaɗan-kaɗan ta waya, wanda kamfanin M-KOPA ya shahara da shi a Kenya, kuma kamfanoni irin su Lumos da Sun King da d.light suka kawo Najeriya, ya taimaki mutane da yawa. Amma na'urar tana kulle kanta in ba a biya ba. Idan aka ɗora wa manomi biyan mako-mako daidai wa daida duk shekara, to a tsakiyar damina za a kashe masa fitila, daidai lokacin da macizai da kunamu suka fi yawo a tsakar gida. A ganina, duk kamfanin da ke son kasuwar Rano da Kibiya da gaske, sai ya karkata biyansa ya bi kalandar gona: kaso mai tsoka da kaka, ɗan kaɗan ko hutu da damina.

Sannan akwai maganar riba, wadda masu tsara shiri a Abuja da Legas kan manta. Mutanenmu da yawa za su gwammace duhu da su karɓi bashi mai kuɗin ruwa, kuma suna da hujjarsu ta addini. Mafita tana nan a fiƙihu tun tuni: a sayar da kaya a kan farashi sananne, a yanka lokacin biya, ba ƙari in an makara. Bankin Jaiz yana aiki da irin wannan ciniki tun 2012. Limamin gari in ya duba takardar ya ce halal ce, ya fi talla goma a rediyo, ni da nake rediyon nake faɗa muku.

Kada kuma a manta da adashi. Matan da ke soya ƙuli-ƙuli, masu ɗinkin hula, masu dakau, sun iya tara kuɗi da riƙon amana fiye da yadda ake zato. Mata goma in suka zuba, duk wadda ta kwasa ta sayi nata, kafin shekara ta zagayo gida goma sun haskaka. Su ne ma suka fi kowa sanin ciwon duhu, domin maigida yana iya fita dandali ko teburin mai shayi inda janareta ke aiki, ita kuwa tana ciki da yara.

Sai amana. Kasuwa ta cika da jabu. Za ka ga faranti an rubuta masa wat 100, a aikace ko rabi ba ya bayarwa. Za ka ga tsohon batir an wanke shi an sake masa kwali. Mutum ya sayar da akuya biyu ya saya, wata huɗu abin ya mutu, mai sayarwar kuwa ɗan cin kasuwa ne, ya yi gaba. Daga ranar duk unguwar ta yanke hukunci cewa sola yaudara ce. Ko kayan kirki ne, yana son kulawa. Ƙurar hunturu tana rufe fuskar faranti ta rage masa ƙarfi, sai ana goge shi da tsumma mai laushi. Batir mai ruwa ba ya son zafi, ba ya son a tatse shi ƙarƙaf kowane dare. In ana haka, wanda zai yi shekara biyu ko uku ba zai kai shekara ba. In ya mutu kuma, dalma ce a cikinsa, guba ce. Kada a bar yara su fasa shi, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya, a mayar wa masu saye.

Ƙasar Bangaladash ta sa ƙananan sola sama da miliyan 4 a gidajen karkara daga 2003 zuwa 2018. Sirrin bai wuce wannan ba: bashi mai sauƙi, kaya masu inganci da aka tantance, da mai gyara wanda yake zaune kusa da mai saye. Mu ma nan, matasan da ke gyaran waya da babur a Rano, in aka koya musu haɗa sola da auna batir, an kashe tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Ta ɓangaren gwamnati, kuɗin suna nan a takarda. Hukumar samar da wuta a karkara, wato REA, ta gudanar da shirin da Bankin Duniya ya ba dala miliyan 350 a 2018. A Disamban 2020 aka ƙaddamar da shirin Solar Power Naija da burin kai wa gidaje miliyan 5. A Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da wasu dala miliyan 750 domin shirin DARES, wanda aka ce zai amfani mutum miliyan 17 da rabi. Dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu. Tallafin yana bi ne ta hannun kamfanoni, su kuma kamfanoni suna zuwa inda aka kira su, inda aka ba su alƙaluma. Garin da bai ƙirga gidajensa marasa wuta ba, bai rubuta ba, bai bi sawu ba, za a tsallake shi.

Don haka kiranmu ga Masarautar Rano, wadda Rano da Kibiya da Bunkure ke ƙarƙashinta, da shugabannin ƙananan hukumomin nan: a sa dagatai da masu unguwanni su ƙirga gidajen da ba su da wuta, unguwa-unguwa, a kai wa REA da gwamnatin jiha a rubuce, a nemi kamfanonin da za su yarda da biyan kaka, su kuma ajiye mai gyara a cikin gari. Kai kuma Malam, ke kuma Hajiya, in za ku saya, ku nemi rasit da takardar garanti, ku tambayi inda shagon mai sayarwar yake, ku je ku gan shi da idonku kafin ku ba da kuɗi.