AMSOSHIN TAKARDUNKU: Yadda Kulob Ɗin Exeter Ya Taso Daga Ƙasa Har Ya Ci Kofin Turai

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya aiko da takarda yana cewa: "Na ji an ce a Ingila akwai wani kulob na wasan zari-ruga mai suna Exeter Chiefs, wanda ya fito daga ƙaramin rukuni ya zama zakaran Turai cikin shekara goma. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, ina roƙon ku ba ni tarihinsa, ku kuma bayyana mini yadda aka yi haka ta faru."

AMSA: Abin da ka ji gaskiya ne. A shekarar 2010 kulob ɗin ya shiga babban rukunin Ingila karo na farko a tarihinsa, a 2020 kuma ya ɗauki Kofin Zakarun Turai. Amma kafin waɗannan shekaru goma akwai wasu shekaru kusan 140 da ba a cika ambatonsu ba.

Bari mu fara da wasan kansa, saboda masu karatu da ba su saba da shi ba. Zari-ruga ana yinsa da ƙwallo mai siffar ƙwai. Kowane ɓangare mutum 15 ne, ana kuma yin minti 80 ana fafatawa. An yarda ka rungumi ƙwallo ka ruga da ita, an yarda a kama ka a kayar, amma ba a yarda ka jefa wa ɗan'uwanka ita ta gaba ba, sai dai baya ko gefe. Wanda ya tsallaka layin abokan karawa ya dangwala ƙwallo a ƙasa ya ci maki 5, sa'an nan a ba su damar bugu ta saman sandar raga, in ta wuce a ƙara musu 2. Bugun laifi kuwa maki 3 ne. Ka riƙe wannan lissafi, don zai yi maka amfani nan gaba.

Shi Exeter gari ne a lardin Devon, can kudu maso yammacin Ingila, yanki na manoma da masunta, nesa da Landan da sauran manyan birane. An kafa kulob ɗin a 1871, wato shekarar da aka kafa hukumar zari-ruga ta Ingila. Wasansa na farko da ke rubuce ya buga shi ne a 1873 da kwalejin horon malamai ta St Luke's da ke garin. Daga baya ya zauna a wani fili mai suna County Ground, inda ya yi kimanin shekara ɗari. A wannan fili ne 'yan wasan Niyu Zilan suka buga wasansu na farko a shahararriyar ziyarar da suka kai Birtaniya a 1905, suka lallasa ƙungiyar lardin Devon da ci 55 da 4.

Duk tsawon wannan zamani wasan na sha'awa ne kawai, doka ta hana a biya ɗan wasa ko kwabo. A kan wannan batu ne ma aka rabu a 1895, lokacin da kulob 22 na arewacin Ingila suka ɓalle saboda suna son a riƙa biyan leburori kuɗin ranar aikin da suka rasa in sun je wasa. Su ne suka haifar da ɗaya nau'in wasan, mai mutum 13. Masu mutum 15 kuwa suka dage a kan bakansu har shekara ɗari cif. Sai a watan Agusta na 1995, bayan gasar cin kofin duniya da aka yi a Afirka ta Kudu, hukumar wasan ta duniya ta zauna a birnin Paris ta ce daga yanzu kowa na iya cin abinci da zari-ruga.

Wannan hukunci ya zo wa kulob-kulob da yawa bagatatan. Attajirai suka shigo suka sayi wasu, aka yi ta rige-rigen ɗauko 'yan wasa daga ƙetare da albashi mai tsoka, wasu tsofaffin kulob masu suna kuma suka karye saboda bashi. A lokacin Exeter yana can rukuni na huɗu. Ya haye zuwa na uku a 1996, ya sake hayewa zuwa na biyu a 1997, sai kuma ya tsaya cik a nan har shekara 13.

A nan ne mutum na farko ya shigo labarin, wani ɗan kasuwa mai kamfanin sadarwa da ake kira Tony Rowe, wanda ya karɓi ragamar tafiyar da kulob ɗin a 1998. A 1999 aka ƙara wa sunan kulob kalmar Chiefs, ma'ana sarakuna. Abin da Rowe ya lura da shi shi ne, filin wasa da ba ya kawo kuɗi sai ranar Asabar ɗin da ake wasa ba zai iya ciyar da ƙwararrun 'yan wasa ba. Saboda haka aka shawo kan mambobi suka yarda a sayar da tsohon filin ga masu gina gidaje, aka gina sabo mai suna Sandy Park a bakin babbar hanyar mota ta M5, aka tare a 2006. Ba fili kaɗai aka gina ba, har da zaurukan taro da na biki waɗanda ake bayarwa haya duk mako. Ka ga ke nan ko ana wasa ko ba a yi, kuɗi na shigowa. Ka kuma lura, a duk shekarun hawan nan kulob ɗin mallakar mambobinsa ne, ba na mutum ɗaya ba.

Mutum na biyu shi ne Rob Baxter, ɗan gidan manoma na nan Devon. Mahaifinsa ya yi wa kulob ɗin wasa, shi ma ya yi masa wasa sama da 300, ya riƙe kyaftin shekara goma, ƙanensa Richard kuma ya zarce shi yawan wasanni. Bayan da Exeter ya zo na biyu a rukuninsa har sau biyu a jere, 2008 da 2009, ba tare da ya haye ba, sai aka damƙa wa Baxter aikin koci a 2009. Shekara guda bayan haka aka kai wasan ƙarshe na neman hayewa, gida da waje, da kulob ɗin Bristol, wanda kowa ke ganin ya fi ƙarfinsu. Exeter ya ci na gida 9 da 6, ya je Bristol ya ci 29 da 10. Daga cikin makin nan 29, mutum ɗaya ne ya buga 24 da ƙafarsa, wani ɗan Ireland ta Arewa mai suna Gareth Steenson.

Masu sharhi da dama sun zaci zai leƙa ne kawai ya koma inda ya fito, kamar yadda aka saba gani. Sai ga shi ya ƙare a matsayi na 8 a kakarsa ta farko, na 5 a ta biyu, abin da ya ba shi gurbi a babbar gasar Turai. A 2014 ya ɗauki babban kofinsa na farko, na kulob-kulob ɗin Ingila da Wales, bayan ya doke Northampton 15 da 8. A 2015 aka buga wasanni uku na gasar cin kofin duniya a Sandy Park.

Ka tambayi yadda aka yi. Ban da maganar fili, akwai abu uku. Na farko, Baxter bai kori waɗanda suka hayo da kulob ɗin don ya sayo taurari ba. Ya riƙe su, yana ƙara mutum ɗaya ko biyu a shekara, galibi waɗanda wasu kulob suka raina. Na biyu, sun reni 'ya'yan yankinsu. Babu wani babban kulob a Devon da maƙwabciyarta Cornwall sai su, don haka duk yaron da ya nuna hazaƙa a makarantun yankin wurinsu yake zuwa. Ta nan aka sami Jack Nowell, ɗan wani masunci, da Henry Slade, da Luke Cowan-Dickie, da 'yan'uwan nan biyu Sam da Joe Simmonds. Na uku, salon wasansu na haƙuri ne. In sun sami bugun laifi, sau da yawa ba sa ɗaukar maki 3 ɗin nan na sauƙi. Sai su buga ƙwallo kusa da layin abokan karawa, ƙartinsu su dunƙule su yi ta turawa taki-taki har sai sun dangwala, su tashi da 5 ko 7. Ba kowa ke jin daɗin kallonsa ba, amma da wuya a tare shi.

Daga 2016 zuwa 2021 sau shida a jere suna zuwa wasan ƙarshe na gasar Ingila a filin Twickenham. Sun sha kashi a na farko a hannun Saracens na Landan, 28 da 20. A 2017 suka kara da Wasps. Ana dab da tashi suna baya da maki uku, Steenson ya buga ya rama, aka yi 20 da 20, aka shiga ƙarin lokaci, ya sake bugawa ta shiga. Da 23 da 20 Exeter ya zama zakaran Ingila karo na farko.

A 2018 da 2019 Saracens ya sake doke su, 27 da 10, sa'an nan 37 da 34. A cikin 'yan wasan Saracens na lokacin har da Maro Itoje, haifaffen Landan wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, wanda aka naɗa kyaftin ɗin Ingila a 2025. Sai dai akwai abin da ya biyo baya. A gasar Ingila akwai dokar da ta ƙayyade iyakar kuɗin da kowane kulob zai kashe a albashi, don kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye duka. A watan Nuwamba na 2019 aka sami Saracens da laifin karya wannan doka na kaka uku, aka zabtare masa maki 35, aka ci shi tarar sama da fam miliyan 5, daga baya aka mayar da shi rukuni na biyu. Amma ba a ƙwace kofunan ba, abin da ya yi wa mutanen Exeter ciwo ƙwarai, don suna ganin da su aka ci.

Shekarar 2020 ita ce ƙololuwa. Saboda annobar korona an jinkirta wasanni, aka kuma buga su ba 'yan kallo. Ran 17 ga Oktoba suka kara da Racing 92 na Faransa a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, a garin Bristol, garin da suka hayo shekara goma baya. Sun yi mintunan ƙarshe da mutum 14 saboda an kori ɗaya na ɗan lokaci, amma suka tsare layinsu, suka ci 31 da 27. Kyaftin ɗinsu a ranar Joe Simmonds ne, yana da shekara 23. Mako guda bayan haka suka doke Wasps 19 da 13, suka haɗa kofi biyu a hannu.

To amma Malam, duniya rawar 'yan mata ce. A 2021 Harlequins ya doke su 40 da 38 a wasan ƙarshe. Korona ta bar kulob-kulob da bashi mai nauyi, aka rage iyakar albashi, har manyan kulob uku suka durƙushe: Worcester da Wasps a 2022, London Irish a 2023. Exeter ya tsira, sai dai ya kasa riƙe gwanayensa. A 2023 Nowell da 'yan'uwan Simmonds suka tafi Faransa, inda albashi ya fi. A kakar 2024 zuwa 2025 kulob ɗin ya ƙare na 9 cikin 10, har Gloucester ya yi masa 79 da 17. Daga cikin samarin da aka soma sabon gini da su akwai Immanuel Feyi-Waboso, mai tushe a Nijeriya ta wajen mahaifinsa, wanda ya haɗa wasa da karatun likita, ya kuma fara yi wa Ingila wasa a 2024.

Wani abu kuma da ya kamata ka sani shi ne batun tambari. Daga 1999 alamar kulob ɗin hoton wani basarake ne na mutanen asali na Amurka, da hularsa ta gashin tsuntsu. Mutane suka yi ta kokawa cewa an mai da al'adar wasu abin wasa. A 2022 kulob ɗin ya sauya alamar zuwa ta ƙabilar Dumnonii, wadda ta zauna a Devon da Cornwall tun kafin zuwan Rumawa. Sunan Chiefs dai aka bar shi.

Saboda haka in wani ya ce maka cikin shekara goma aka yi, ka ce masa haka ne, amma ya ƙirga daga 1998 da aka fara gyaran asusu, da 2006 da aka sami filin da ke ciyar da kansa, da kuma kocin da aka bari ya yi aikinsa sama da shekara 15 ba a kore shi don an sha kashi ba. Masu riƙe da kulob ɗin ƙwallo a garuruwanmu za su iya duba waɗannan abubuwa uku su auna da nasu.