Cikakken Burodi: Abincin Dare a Unguwannin Hausawa na Duwala Lokacin Zafi

Gabatarwa

A Kano ko Katsina, idan aka ce abincin dare, tuwo da miya ake nufi. Mutumin da ya ci burodi da dare yakan ce bai ci abinci ba, ya dai taɓa wani abu. Amma Hausawa sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Wannan takarda za ta yi bayani a kan yadda ake haɗa burodi mai sanyi a gida a unguwannin Hausawa na birnin Duwala a ƙasar Kamaru, da dalilin yin hakan, da kuma hatsarin da ke tattare da shi.

Gari da yanayinsa

Duwala tana bakin kogin Wuri, kusa da teku, kuma ita ce babbar tashar jiragen ruwa ta Kamaru. Unguwar New Bell ta samo asali ne daga shirin Jamusawa na tayar da 'yan ƙasa daga bakin kogi. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya yi adawa da shirin, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya New Bell ta zama matattarar baƙi, har da Hausawa 'yan kasuwa da mahauta. Kusa da ita akwai Bali, unguwar zuriyar Bell.

Zafin Duwala ya bambanta da na ƙasar Hausa. A arewa rana ce ke ƙuna, iska kuwa busasshiya ce. A Duwala iska cike take da danshi, gumi ba ya bushewa a jiki, dare ma ba ya yin sanyi sosai. A watannin Fabrairu da Maris zafin rana yakan haura digiri 30. Gidaje a New Bell a cunkushe suke, yawancinsu da rufin kwano. Uwargidan da ta hura gawayi da magariba ta ƙara wa ɗaki zafin da zai hana yara barci. Don haka a irin waɗannan ranaku abincin da ba ya bukatar wuta yake da farin jini.

Burodi da abin da ake zuba masa

Burodin Duwala dogo ne siriri mai ɓawo, irin na Faransawa, waɗanda suka mulki garin daga 1916 zuwa 1960. Idan aka tsaga shi aka cika cikinsa, mutanen gari suna kiransa pain chargé da Faransanci, wato burodin da aka yi wa lodi. Turawan Ingila kuwa sanwici suke cewa, sunan da aka ɗauko daga sarautar wani basarakensu na ƙarni na 18, John Montagu.

Kayan haɗin sun fito daga sassa daban-daban na ƙasar. Albasa daga arewa take zuwa, wajen Marwa da Garwa. Fiya, wadda ake shafawa a madadin man shanu, ana noma ta da yawa a yankin yamma, musamman Mbouda. Shanun da ake yankawa yawanci daga Adamawa da sauran arewa ake kawo su. Tsire kuwa sana'ar Hausawa ce, har mutanen Kamaru suna kiransa soya, kalmar da ta fito daga suya ta Hausa. Ga kuma kifin gwangwani da dafaffen ƙwai da tumatir.

Yadda ake haɗawa

Da farko a sayi burodin yamma, domin wanda ya wuni a cikin danshi yakan yi yauƙi ya ƙi tsinkewa. A tsaga shi ta gefe ɗaya, kada a raba shi biyu, don kada kayan ciki su zube. Sai a shafa fiya ko bota a ɓangarorin biyu. Wannan shafi ba don daɗi kaɗai ake yin sa ba: maiƙo yana hana ruwan tumatir jiƙa burodin. Bayan haka a jera abu mai nauyi, wato yankakken tsire ko ƙwai ko kifin da aka tsiyaye mansa. Albasa da tumatir su ne na ƙarshe, sannan a barbaɗa yaji da ɗan gishiri. Gishiri yana jawo ruwan tumatir, saboda haka ba a sa shi sai an zo ci. Mai son kilishi sai ya yayyaga shi ƙanana, ya haɗa da albasa da fiya don ya yi taushi.

Abin lura

Zafin da ya sa aka guje wa murhu shi ne kuma yake lalata abinci da sauri. Tuwo daga wuta yake zuwa akushi, wuta ta kashe ƙwayoyin cuta. Burodi mai sanyi ba shi da wannan kariya. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada a bar dafaffen abinci a waje fiye da awa 2. Ƙwai da nama da mayonis su ne suka fi saurin lalacewa. Firji ma ba abin dogaro ba ne idan an ɗauke wuta na tsawon lokaci.

Sai maganar ruwa. A shekarar 2004 an yi annobar kwalara a Duwala, kuma unguwanni masu cunkoso da ke amfani da rijiyoyi marasa zurfi su suka fi shan wahala. Tumatir da latas da za a ci ɗanye dole a wanke su da ruwa mai tsabta, a wanke hannu da sabulu, kuma kada a yanka su da wuƙar da ta taɓa ɗanyen nama. A haɗa gwargwadon abin da za a cinye nan take, kada a ajiye saura don gobe. Rigakafi ya fi magani.

Kammalawa

Cikakken burodi bai kori tuwo daga gidajen Hausawan Duwala ba. Abinci ne na ranar da zafi ya yi yawa, mai sauƙin haɗawa da ƙarancin kashe gawayi, muddin an kula da tsabta da lokaci.

Tambayoyi

1. Mece ce bambancin zafin Duwala da na ƙasar Hausa?
2. Don me ake shafa fiya kafin a sa tumatir?
3. A kawo kalmomin aro guda uku daga wannan takarda, a faɗi harshen da suka fito.